Waya ba ta kashe kyamara ba, tsada ta jawo mata

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a wajen cinikin hoton biki. Mai hoto ya faɗi farashinsa, sai babban abokin ango ya ɗaga wayarsa ya ce, "Haba malam, ai abin da taka ke yi wannan ma tana yi." A shagunan waya ma waƙar ke nan: megafiksel 108, megafiksel 200, wai kyamara ta zama tarihi.

Abin da ke ba ni haushi da maganar shi ne akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar ce ke sa mutane su haɗiye ƙaryar da ke biye da ita.

Ga matsayina tun da wuri. Mafi yawan mutane ba su da buƙatar kyamara a yau, kuma wanda ya saya don ɗaukar 'ya'yansa ranar Sallah ɓarnar kuɗi ya yi. Amma kyamara ba ta mutu ba. Ta tashi daga kayan gida ta koma kayan sana'a, kamar keken ɗinki da ya bar ɗakunan mata ya tare a shagon tela. Wanda wannan sauyi ya fi cutarwa kuwa shi ne yaron da ke son koyon hoto, domin kayan aikin sun yi masa nisa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, ita ke fitar da lissafin abin da manyan kamfanoni irin su Canon da Nikon da Sony da Fujifilm suke turawa kasuwa duk shekara. A 2010 adadin ya kai kimanin miliyan 121. A 2023 bai kai miliyan 8 ba. Wato fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar ya tafi cikin shekara 13, a daidai lokacin da ake sayar da waya fiye da biliyan ɗaya kowace shekara.

Sai dai a duba inda asarar ta fi faɗawa. Daga cikin miliyan 121 ɗin nan, kusan miliyan 109 ƙananan kyamarori ne na aljihu, masu gilashin gaba, wato lens, da ba ya ciruwa. Su ne suka ruguje zuwa ƙasa da miliyan 2. Manya masu canjin gilashi su ma sun sha duka, daga kimanin miliyan 20 a 2012 zuwa wajen miliyan 6 a 2023, amma ba su ɓace ba. Kuɗin da kamfanonin ke samu kuma bai faɗi daidai da faɗuwar adadin ba, ya ragu ne da rabi da ɗan wani abu. Ma'anar wannan a fili take: ana sayar da kaɗan, kowace ɗaya da tsada ninkin-ba-ninkin.

Waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan ƙaramar kyamara sun kwashe kayansu. Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya shiga kotun fatara a Janairun 2012, ya daina ƙera kyamara a shekarar. Samsung ya janye daga harkar ya mai da hankali kan waya. Casio ya bar ƙananan kyamarori a 2018. Olympus ya sanar da sayar da sashensa na kyamara a 2020.

Ba kyan hoto ne ya kayar da ƙaramar ba

Mutane na ɗauka waya ta yi nasara ne saboda ta fi kyan hoto. A 2010 ba ta fi ba. Ƙaramar Canon ko Sony ta lokacin tana da gilashi mai zuƙo abu na gaske da filasha mai ƙarfi, wayoyin zamanin kuwa da magariba ta yi sai hoto ya koma dusu-dusu.

Abin da waya ta kawo shi ne gajeriyar hanya. Da kyamara sai ka ɗauka, ka koma gida, ka cire memori, ka sa a kwamfuta, sannan ka tura. Da waya ka ɗauka ka tura kafin ka tashi daga tabarma. Instagram ya fito a Oktoban 2010, shekarar da kasuwar kyamara ta kai ƙololuwa, daga nan aka fara gangara. Hoto ya daina zama abin da ake wankewa a sa a albam, ya zama saƙo. Saƙo kuwa sauri yake so.

Wajenmu ma labarin ya fi haka sauƙi. Galibin gidaje ba su taɓa mallakar ƙaramar kyamara ba balle su watsar da ita. Daga shagon mai hoto aka yi tsalle zuwa waya. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya gane haka da wuri, ya gyara manhajar kyamarorinsa don su riƙa auna haske a kan baƙar fata, kuma wannan na cikin abubuwan da suka ba shi kasuwar Afirka. Wanda waya ta ƙwace wa abinci a nan shi ne mai hoton da ke yawo a gidan biki da makarantu yana ɗaukar ɗaya-ɗaya, ya wanko ya dawo ana biyansa. Wannan aikin ya tafi, ba kuma zai dawo ba.

"Ai tawa megafiksel 200 ce"

Wannan ce hujjar da aka fi kawowa, ita ce kuma mafi rauni.

Megafiksel ƙidayar ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto ce kawai, kowane ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne. Abin da ke yanke kyan hoto shi ne yawan hasken da aka tara, shi kuma ya dogara da faɗin allon da ke karɓar hasken a bayan gilashi, wato sensa. Ta babbar kyamara cikakkiya milimita 36 ce a 24, faɗinta ya kama murabba'in milimita 864. Ta matsakaiciya, wadda ake kira APS-C, wajen 370 ce. Ta babbar waya mai tsada wajen 70 ce, 'yan ƙalilan da suka fi girma, irin wadda Xiaomi ya sa a 12S Ultra a 2022, suna kai wajen 128. Wayoyin da akasarin mutane ke riƙewa ba su kai rabin 70 ɗin ba.

Idan ka raba ɗan wannan fili gida miliyan 108, kowane ɗigo zai yi ƙanƙantar da ba zai tara hasken kirki ba. Kamfanonin sun san haka, shi ya sa wayar ke haɗe ɗigo 9 su zama ɗaya, hoton da take ba ka a zahiri megafiksel 12 ne. Mai 50 tana haɗe 4, ta ba ka 12 da rabi. Mai 200 tana haɗe 16, ta dawo 12 da rabi ita ma. Duba bayanin kowane hoto a wayarka za ka gani.

Kuma 12 ɗin ba laifi ba ne. Hoto mai ɗigo 4000 a 3000 zai wanku tsaf a girman inci 13 a 10 bisa ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci da masu ɗab'i ke amfani da shi. Tsohuwar kyamara mai megafiksel 18 ko 24 da gilashi mai kyau za ta doke wayar 200 a ɗaki mai ƙarancin haske. Lambar da ke jikin kwali ta talla ce.

"To, amma manhaja ta cike giɓin"

Nan ne mai goyon bayan waya ke da ƙafar tsayawa, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. Waya ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan ka danna. Tana ɗaukar da yawa a jere cikin ƙiftawar ido, ta jera su, ta cire hayaniyar ɗigo, ta ɗauko sararin sama daga wannan, inuwa daga wancan, ta haɗa maka guda. Da wannan dabarar Google ya fitar da Night Sight a 2018, duniya ta ga waya na ɗaukar hoto cikin duhu. Mutumin da bai san saiti ba, ka ba shi waya da babbar kyamara, sau da yawa hoton wayar zai fi kyau. Wannan gaskiya ce da masu hoto ba sa son ji.

Dabarar tana da sharaɗi guda: abin da ake ɗauka ya tsaya cik. Da ya motsa, hotunan da ake son jerawa ba za su dace da juna ba. Shi ya sa a zauren dina za ka ga kujeru da fitilu sun fito tas, amma hannun mai liƙi ya narke, fuskar mai rawa ta zama biyu. Mai kyamara yana maganin wannan da abu biyu da waya ba ta da su. Na farko gilashi mai faɗin baki, f/1.8 ko f/2.8 (ƙaramar lamba na nufin baki mai faɗi da ke shigar da haske da yawa), a gaban babbar sensa, wanda ke ba shi damar ɗauka da saurin 1/250 na daƙiƙa a cikin ɗaki. Na biyu filasha ta gaske, wadda ke fitar da haske mai ƙarfi cikin ɗan lokacin da ya kai ya daskarar da motsi, a harba ta sama ta dawo daga silin ko a sa ta cikin lema a gefe. Fitilar bayan waya tocila ce, ba ta wuce mita biyu ko uku, kuma fuska take wankewa.

Sai batun ɓata bayan hoto, wanda ya yaɗu tun da Apple ya kawo shi a iPhone 7 Plus a 2016. A kyamara gilashi ne ke yin sa. A waya manhaja ce ke zana iyakar mutum, ta shafe abin da ke bayansa. Tana iya ƙoƙarinta a kan mai riga da wando. A kan kayanmu kuwa tana tafka kuskure: bakin mayafi mai shara-shara, ramukan leshi, kunnuwan ɗaurin ɗankwali, harzar rawani, gilashin ido. Zuƙo hoton ka bi gefen mayafin amarya, za ka ga inda manhajar ta cinye shi, da inda ta bar bangon baya a cikin ramin leshi.

Wurin da bambancin ya fi fitowa shi ne hawan Sallah. A Hawan Daushe a Kano, ko hawan Zazzau da Katsina, mai ɗauka yana can nesa bayan dogarai, doki na sukuwa, ƙura ta tashi. Abin da aikin ke so shi ne gilashi mai jawo nesa na milimita 200 zuwa 400, saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, da kyamarar da za ta kama idon mahayi ta riƙe shi tana harba hoto goma ko ashirin a daƙiƙa. Manyan wayoyi suna da gilashin nesa, na iPhone 15 Pro Max ya kai kwatankwacin milimita 120, na Samsung S23 Ultra 230. Sai dai sensar da ke bayan waɗannan gilasan ta fi ta babban idon wayar ƙanƙanta. Duk zuƙowar da ta wuce nan, ninki 30 ko 100 da ake rubutawa, yanka hoto ne da cikon manhaja. A 2023 an yi ta cece-kuce kan hotunan wata na wayoyin Samsung, bayan an nuna wayar na ƙara zanen da babu shi a abin da aka sa mata a gaba. A kan wata ba wanda ya yi asara. A kan aikin zaren babbar riga ko adon sirdi, cikon manhaja ƙirƙira ce.

Akwai kuma abubuwan da ba a gani a hoto sai ranar aiki. Kyamarar sana'a tana rubuta kowane hoto a memori biyu lokaci guda, idan ɗaya ya lalace ɗaurin auren bai tafi ba. Batirinta ana cirewa a sa wani cikin daƙiƙa biyar. Waya kuwa idan ta yi minti ashirin tana bidiyo a ranar Afrilu sai ta ɗau zafi, ta dusashe allo, wani lokaci ta rufe kyamarar da kanta. Kira ma na iya shigowa ana tsakiyar siga.

"Ai matasa sun dawo wa kyamara"

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu murna da wuri. Gaskiya ne kasuwar ta ɗan ɗago a 2024, ta haura miliyan 8. Fujifilm X100VI da ta fito a farkon 2024 a kan dala 1,599 ta yi wuyar samu, mutane suka yi ta jiran layi. Canon G7 X Mark III da Ricoh GR III su ma sun yi farin jini, har tsofaffin ƙananan kyamarorin shekarun 2000 matasan Amurka da Turai suka koma nema a kasuwar gwanjo saboda TikTok.

Kada wannan ya ruɗi kowa. Ƙarin da bai kai miliyan ɗaya ba a kasuwar da ta rasa fiye da miliyan 110 ba farfaɗowa ba ne. Yayi ne na masu kuɗin kashewa, waɗanda suka gaji da hoton waya mai sheƙi iri ɗaya. Kamfanonin da kansu sun san inda abincinsu yake. Canon da Nikon sun fito da sababbin jerin kyamarori marasa madubi a 2018, wato waɗanda aka cire wa madubin ciki da ke kai hoto ramin leƙawa a tsofaffin manyan kyamarori, a 2020 irin waɗannan suka zarce masu madubi a yawan fitarwa, a 2024 kuma Nikon ya sayi RED, kamfanin kyamarorin fim na Amurka. Duk wajen ƙwararru da masu bidiyo suka nufa. Sony kuwa riba biyu yake ci, domin shi ne kan gaba wajen ƙera sensar da ke cikin wayoyin. Leica ma sunansa na jikin wayoyin Xiaomi, Zeiss na jikin Vivo.

Wanda aka bari a baya

Illar da ba a cika magana a kanta ba ke nan. A da, miliyoyin masu sayen ƙananan kyamarori da masu madubi na masu koyo su ne ke sa farashi ya sauko. Yanzu an rage irin waɗannan, sababbin gilasai sun yi tsada, gilashin nesa mai milimita 70-200 f/2.8 sabo na Canon ko Nikon ko Sony ya haura dala 2,000 shi kaɗai. Ɗora faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 a kai. Yaron da ya gama koyon aiki a shagon ubangidansa ba shi da hanyar sabuwar kyamara.

Sauƙin da ya rage masa shi ne ta hannu. Komawar ƙwararrun waje ga marasa madubi ta zubo tsofaffin masu madubi kasuwa, kuma har gobe suna aiki. Ya sayi jikin kyamara mai araha, ya zuba kuɗin a gilashi da haske: gilashi mai milimita 50 f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kowane kamfani, filasha ɗaya ko biyu irin na Godox, lema, batir biyu, memori biyu. Amma kafin ya biya sai ya duba abubuwa da idonsa.

Labulen cikin kyamara da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka yana da iyakar rai. Na ƙanana wajen ɗauka 100,000 ne, na Canon 5D Mark III 150,000 kamfanin ya rubuta. A karanta ƙidayar da manhaja a kwamfuta, kar a yarda da "ba ta yi aiki sosai ba" daga bakin mai sayarwa. Sannan a matse bakin gilashi zuwa f/16 a ɗauki farin bango ko sararin sama. Ɗigon baƙi ƙura ce a kan sensa, tana gogewa. Layi ko karce ba ya gogewa. A cire gilashin a haska tocila ta cikinsa, idan an ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, a ajiye shi. A gwada kama fuska kusa da nesa da baki a buɗe duka, domin tsofaffin masu madubi kan kama gaba ko bayan inda aka nufa. Batir kuma jabunsa ya yi yawa a kasuwa, alamarsa rashin nauyi da saurin mutuwa, wani ma kumbura yake ya maƙale a ciki.

Bayan saye, abokin gaba shi ne hunturu. Ba a canza gilashi a fili ana iska. A shiga mota ko ɗaki, a kashe kyamarar, a kifa bakinta ƙasa. Marar madubi ta fi saurin kwasar ƙura tunda ba abin da ya tare sensarta. A zauren biki mai fitilun LED kuma, wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, don haka a tsayar da saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, bidiyo a firam 25 a daƙiƙa, in ba haka ba layuka za su ratsa hoton.

Laifin masu hoto

Abokin angon nan da ya ɗaga wayarsa ba daga sama ya samo maganar ba. Abin da ya gani ya faɗa.

Da yawa daga masu hotonmu suna riƙe da kayan miliyoyin naira, amma abin da suke miƙa wa mai biki bai bambanta da na waya ba. Kyamara na kan saitin da take zaɓar komai da kanta. Filasha na kan kyamara tana dukan fuska kai tsaye. A wajen gyara a murje fata har ta koma roba, a ƙara wa amarya hasken da danginta ba za su gane ta ba, irin abin da tacen waya ke yi kyauta. Daga ƙarshe a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse fayil mai megabait 10 ya dawo 'yan ɗaruruwan kilobait. Duk abin da babbar sensa ta tara ya zube a hanya. Mai biki ya buɗe a allon inci shida, ya ajiye kusa da wanda ƙanwarsa ta ɗauka, bai ga dalilin biyan dubu ɗari ba. Da hujjarsa.

Mai hoton da ke son a daina yi masa wannan ciniki sai ya sayar da abin da waya ba ta iyawa, ya kuma nuna shi kafin a fara maganar kuɗi. Ya ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, don ya iya ceto farar shadda da baƙar fuska a hoto ɗaya. Ya cire filasha daga kan kyamara ya kai ta gefe. Ya tura aiki a matsayin fayil ko ta Google Drive ko a filas, ba a matse ba. Ya ajiye kwafi biyu a wuri biyu na aƙalla shekara guda, ya faɗa wa mai biki haka. A shagonsa kuma ya rataye hoto ɗaya da aka wanke a inci 20 a 30, na mai rawa a tsakiyar juyi da dare ko na doki ƙafa huɗu a sama, ta yadda duk wanda ya zo ciniki zai tsaya a gabansa kafin ya zauna.